Shuɗin Ɗigon da Ya Tsaya a Kucheri

A Wonaka, idan ka tambayi labarin Malam Salisu mai bin sawu, kowa da abin da zai faɗa maka. Mahauta suna cewa ya taɓa bin sawun saniya daga bakin kasuwa har ƙofar ɗakin da aka rataye fatarta. Mata suna cewa ba ya duban fuskar mutum in ana gaisawa, ƙafa yake duba, shi ya sa ba a son shiga gidansa da tsinkakken takalmi. Matarsa Hanatu kuwa cewa take, tun da kashe-kashen nan suka yi yawa ya aje sana'ar, don duk sawun da ya bi daji yake shiga, kuma abin da ke ƙarshensa kowa ya riga ya sani. Yanzu gona yake zuwa, ya dawo ya zauna a zaure. Ba ya fira, ba ya kuma korar mai fira.

A zauren nan wata tsohuwa ta same shi da safiyar Laraba. Daga Gusau ta zo, Iya ake ce mata. Ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta yi kuka ba.

"Ɗiyana sunka kama, Malam. Mas'udu. Mai sa ma mutane abubuwa cikin waya a tasha."

Ya bar ta ta faɗi komai bai katse ta ba. Ranar Litinin motar Alhaji Sahabi, mai fataucin hatsi, ta ɗauko waken suya daga Nahuce za ta Funtuwa. Ba ta kai ba. Da magariba manoma suka tsinci direban, Bashar, a wani busasshen rafi kusa da Kucheri, hannuwansa ɗaure ta baya, motar kuma wayam. Washegari a tashar Gusau aka buɗe wayar Bashar, aka ga lambar Mas'udu cikin masu ganin inda motar take a kowane lokaci. Alhaji Sahabi ya tsaya a tsakiyar tasha ya ɗaga murya ya ce ga infoman ɓarayin daji nan. Kafin Sarkin tasha ya iso ya ƙwace Mas'udu ya kulle a ɗakin ajiya, an riga an yi masa dukan da aka yi masa.

"'Yan sa-kai sun ce bayan sallar Juma'a za su zo su tahi da shi," in ji Iya. "Ka san waɗanda ake tahiya da su."

Ya sani. Ya dubi ƙafafunta, ya ga ƙurar hanya har idon sau. Ya miƙe ya ɗauki sandarsa.

*

Ɗakin ajiyar tashar yana warin baƙin mai da tsohuwar taya. Mas'udu na zaune kan wani buhu, auduga cushe a kunnensa na hagu, ta rine ja. Mutum ne da ya kusa shekara arba'in, siriri. Sai da Salisu ya maimaita sallama ya juyo da ɗaya kunnen.

"Ni ban san waya ba," in ji Salisu. "Gaya mini aikinka kamar kana gaya ma jaki."

Mas'udu ya ɗan motsa baki, bai kai ga dariya ba. Ya yi magana a hankali, kamar mai karanta abin da ya shafi wani.

"Baba, mai tafiya yakan zo ƙarƙashin lemata in shirya masa waya. Na farko taswira. Ina sauke masa ita gaba ɗaya, ko sabis ya ɗauke a daji tana nuna masa hanya. Sai manhajar lokutan salla, tana kiran salla da kanta, tana kuma nuna alƙibla. Sai ta banki, don kada mutum ya ɗauki kuɗi a jiki. Masu zuwa Kudu ina sa musu ta fassara, ka yi Hausa ta mayar da ita wani yare. Akwai mai nuna ko za a yi ruwa, masu ɗaukar hatsi suna son ta saboda tamfol. Akwai mai nuna sunan baƙuwar lamba in ta kira ka."

"Wadda ta kawo ka nan fa?"

"Ta raba wuri. Motarka takan zama shuɗin ɗigo a kan taswira, wanda ka yarje wa yana ganin ɗigon yana tafiya. Direbobi sun fi son ta. In ɗigo ya tsaya inda babu gari, gida sun san abin da ya faru tun kafin a kira su."

"Mi ya kai lambarka cikin ta Bashar?"

"Tana cikin ta direbobi da yawa. Iyayensu mata ba su da babbar waya. Wurina suke zuwa, su ce Mas'udu duba mini ina ɗana ya kai. In ce ya wuce Tsafe, su yi hamdala su tafi."

"Ran Litinin ka duba nashi?"

"Na duba. Bayan azahar na ga ɗigon ya sauka daga kwalta ya tsaya. Na kira Bashar bai ɗauka ba. Na kira Malam Anas, ƙanen Alhaji, shi ke kula da motocin. Ya ce sabis ne ke wasa, in daina tayar wa mutane da hankali."

"Ka faɗi wannan ranar da anka kama ka?"

"Na faɗa. Ba a jin magana a lokacin."

Salisu ya ce, "Na ji Bashar shina cewa taswirar da ka sa mashi ita ta ce shi bar kwalta. Tana yin haka?"

Mas'udu ya sunkuyar da kai. "Tana yi. Wani lokaci takan ga hanyar kura da shanu ta ɗauka gajeriyar hanya ce. Ba zan ce ba ta yi ba."

A bakin ƙofa wasu masu lodi suna zaune a kan benci. Ɗaya ya ce, "Tsoho, yanzu a sama ake bin sawu, ba a ƙasa ba. Ka sayi data?" Suka yi dariya kaɗan suka bari. Salisu ya ce bai saya ba, ya wuce.

*

Bashar yana kwance a inuwar wata tirela, abokai sun kewaye shi. Ya miƙe ya ba Salisu hannu. A cikin gaisuwar Salisu ya ji tafin bai cika ba: ƙaramin yatsan dama babu shi.

"Jak ɗin ɗaga mota ne ya cinye shi, tuntuni," in ji Bashar. Sai ya nuna wuyan hannuwansa inda igiya ta kwarzana. Ya ba da labarin kamar wanda ya ba da shi sau da yawa. Waya ta ce ya yi dama, akwai cunkoso a gaba. Ya bi. Yana shiga rafin mutane suka fito da bindigogi, fuskoki a rufe. Suka jawo shi, suka ɗaure shi ta baya, suka kifa shi.

"Nan take sunka ɗaure ka?"

"Nan take, Baba. Ko motsi. Fuskata na cikin yashi har manoma suka zo."

"Su nawa?"

"Ina na ga ta ƙirga su? Na ji babura kamar ƙudan zuma."

"La'asar fa?"

Bashar ya dube shi. "Wace la'asar, Baba, ina ɗaure? Sai da na zo gida na rama ta."

"Allah shi kyauta," in ji Salisu.

Wani daga cikin abokan ya tofar da yawu. "Mutumin da muke ba wa wayoyinmu da hannunmu. Ashe yana zaune ƙarƙashin lema yana sayar da mu ɗaya-ɗaya."

Kowannensu ya riga ya goge manhajar raba wurin daga wayarsa, kuma tun daga ranar iyayensu mata ba su da inda za su je tambaya.

*

Da hantsin Alhamis ya sauka a Kucheri. Manomin da ya kwance Bashar shi ya raka shi. A hanya mutumin ya yi ta nuna wata ruga da ke hayin rafi, yana cewa ba sai an wahala ba, ga sawun shanu nan ya cika wurin, kowa ya san ta inda abin ya biyo.

Salisu ya ce masa ya tsaya a bakin gaɓa. Shi kaɗai ya gangara, ya tuɓe takalmi.

Ruwan ƙarshen damina ya sauka ranar Lahadi, daga nan rana ta buɗe. Yashin rafin ya jiƙe ya bushe, ya riƙe duk abin da aka taka a kansa ranar Litinin. Ga tayar motar Alhaji ta shigo a hankali, babu alamar burki na firgita. Ga tayar wata motar, ta ja da baya har gindinta ya haɗu da na farkon. Tsakaninsu ƙafafu suna kai da kawowa, masu zuwa da nauyi, masu dawowa sakayau. Sawun shanun yana bisa na tayoyin, ba ƙarƙashi ba. Sun zo shan ruwa ne bayan komai ya ƙare.

Ya zagaya sama, ya zagaya ƙasa. Babu babur ko ɗaya.

Yana cikin haka wata tsohuwa ta leƙo daga gonar gyaɗa. Hafsatu sunanta. Ta ce ita ba ta ga komai ba, kuma ba ta son a sa ta cikin magana. Salisu ya zauna a kan kunya ya ce shi ma hutawa yake. Ya karɓi gyaɗar da ta miƙo, ya ɓare, ya ci, ya yaba. An jima ta ce:

"Abu guda dai. Ran nan na ji kiran salla."

"Daga gari?"

"Daga cikin rahin nan. Murya mai daɗi, irin ta Makka da ake ji a rediyo. Babu masallaci nan, Malam. Na tattara kayana na tahi gida, ban gaya ma kowa ba, kada a ce tsuhwa ta fara."

"Wace salla?"

"La'asar."

Ya koma rafin. Wannan karon bai dubi inda aka yi aiki ba, ya nemi inda mutum zai zaɓa in yana son wuri mai tsabta. A bayan wani kurmin geza ya same shi. An share yashi da gefen ƙafa. Mutum uku sun yi salla a nan, ɗaya gaba, biyu baya. Ga goshi, ga gwiwoyi, ga yatsun ƙafa sun nutse. Tafin hannun dama na mutum ɗaya a sahun baya yatsu huɗu gare shi. Limamin kuwa, a wurin zama, ƙafarsa ta dama ba ta lanƙwasu ba, ta miƙe gaba, diddigen ya ja layi.

Salisu ya tsaya a bayansu ya ɗaga kai. Shi da ubansa da kakansa, in salla ta same su a daji, mafitar rana suke fuskanta. Waɗannan sun karkata hagu, wajen arewa kaɗan, kuma ba kuskure ba ne, don limamin ya fara tsayawa gabas sak, sannan ya murza ƙafafunsa ya gyara.

Ya daɗe a tsaye. Bai ji murna ba, bai ji mamaki ba. Ya sari ƙaya ya lulluɓe wurin.

*

Rumbun Alhaji Sahabi yana bakin hanya a Bungudu. Alhajin ƙato ne, muryarsa ta fi jikinsa. Bai yi wa Salisu tayin zama ba sai da ƙanensa Anas ya shimfiɗa tabarma.

"Malam, ban san wanda ya aiko ka ba, amma magana ta ƙare. Waken nan na manoman Nahuce ne, amana suka ba ni. Da wane ido zan dube su? A bar maganar sawun ƙasa. Sawun na cikin waya, mun gani."

Anas ya zauna kusa da yayansa. Fari ne, mai tsabtar tufafi, da ƙaramin gemu. Ya naɗe ƙafar hagu, ya miƙe ta dama.

"Gwiwar ce?" in ji Salisu.

"Babur ya kayar da ni bara. Ba ta lanƙwasuwa."

"Sannu. An ce Mas'udu ya kira ka ran Litinin."

"Ya kira. Yanzu na gane wanke kansa yake yi tun da wuri. Ni ina Gusau a lokacin, wajen masu gyara."

Salisu ya gyaɗa kai. Ya ce shi dai abin wayar nan ya ɗaure masa kai, har an ce tana nuna alƙibla, ko gaskiya ne?

Alhaji ya yi tsaki, amma fuskarsa ta ɗan saki. "Tambayi shehin ga shi nan. Kowa an sa masa ita a waya, kowa ya manta da ita, sai wannan. Ya kusa raba masallacin Nahuce biyu. Wai ginin da kakanmu ya yi ya karkace. In muna tafiya muka tsaya salla a hanya, sai ya fito da waya ya yi ta juyi kamar kazar da ta sha gishiri, mu muna tsaye rana na dukanmu."

"Yaya, ilimi ne," in ji Anas yana murmushi. "Makka ba gabas sak take ba daga nan."

"To, Makka ta matsa a zamaninka."

Salisu ya bar su suka gama. Sannan ya ce yana da roƙo guda. Yau da yamma a haɗu a rafin Kucheri, kowa da kowa, har da Mas'udu. In bai nuna komai ba, gobe ba zai ƙara cewa uffan ba.

"In don wannan ne," in ji Alhaji, "mu je. A gama."

*

Mota biyu suka yi. Akwai Alhaji da Anas, da Bashar, da Sarkin tasha, da Abdullahi shugaban 'yan sa-kai da mutanensa, da wani ɗan sanda da Sarkin tasha ya nace sai an zo da shi. Ardon rugar hayi ma ya zo, ya tsaya nesa kaɗan. Mas'udu yana bayan mota, hannu ɗaure. Da aka sauko da shi ya zauna a kan yashi yana kallon gabansa.

Salisu ya fara da abin da ke fili. Ya nuna musu tayoyin, ya nuna shanun a bisa, ya ce Ardo na iya komawa gida. Ardon bai tafi ba. Salisu ya ce a nemo masa sawun babur guda. Mutanen Abdullahi suka bazu, suka dawo babu.

"Wataƙila a sama suka aje su," in ji Bashar.

"Wataƙila," in ji Salisu.

"To sai me?" in ji Abdullahi. "Ɓarayi sun zo da mota maimakon babur. Wanda ya nuna musu hanya dai ga shi zaune."

Salisu ya dubi inuwa, ya ga la'asar ta kusa. Ba a jima ba kiran salla ya tashi daga aljihun Anas, murya mai daɗi, ta cika rafin. A can gonar gyaɗa tsohuwar nan ta miƙe tsaye, ta sake durƙusawa.

"Mu ba da farali tukuna," in ji Salisu. "Malam Anas, shiga gaba."

Aka yi alwala da ruwan jarka. Ɗan sandan ya kwance Mas'udu. Salisu ya kai su wani fili mai laushi kusa da kurmin geza. Anas ya share yashi da gefen ƙafa, ya tsaya ya fuskanci gabas, sai ya zaro waya ya shimfiɗa ta a tafin hannu, ya murza ƙafafunsa hagu.

"Ga shi nan kuma," in ji Alhaji a hankali. Sahu ya karkata ya bi shi.

Da aka sallame Salisu ya ce kowa ya ja da baya ta inda ya shigo, kada a taka gaba. Ya je ya janye ƙayar da ya lulluɓe da safe.

Wuraren biyu suna kusa da juna, taku kaɗan tsakani. Babu wanda ya buƙaci bayani mai tsawo. Ga share yashin. Ga tsayuwar farko, ga murzawar. Ga layin da diddigen dama ya ja a wurin zama, a can da nan.

"Wagga salla ran Litinin anka yi ta," in ji Salisu. "Yashin na da danshi lokacin, shi ya sa ta zauna. La'asar ce, akwai wanda ya ji kiran." Ya nuna da sanda. "Bashar, kawo hannunka na dama. Aza nan."

Bashar bai motsa ba. Abdullahi ya kama hannun ya aza shi a gefen tafin da ke cikin yashi. Yatsu huɗu, yatsu huɗu.

"Ka ce kana ɗaure," in ji Sarkin tasha. "Ka ce a gida ka rama ta."

Bashar ya dubi Anas. Anas yana duban wayar da ke hannunsa, allurar alƙiblar tana ta rawa.

"Bayan mun gama Anas ya ɗaure ni," in ji Bashar. Muryarsa ba ta da komai a ciki. "Na ce su ɗaure ni su tafi, su yi ta a hanya. Ya ce lokaci ya yi, shi ba ya jinkirta la'asar."

Ya faɗi sunan mai ɗaya motar, da rumbun da aka sauke waken a Tsafe. Ya ce maganar taswira Anas ne ya tsara ta. Ba su yi niyyar kowa ya shiga ciki ba. Da Mas'udu ya kira, Anas ya ga an gan su, sai ya ce da safe a buɗe wayar a gaban Alhaji.

Alhaji Sahabi ya zauna a ƙasa, da babbar rigarsa da komai.

"Anas," ya ce. "Me na hana ka?"

"Ba ka hana ni komai ba, Yaya. Komai sai na tambaya ne."

Abdullahi ya yi wa mutanensa alama, suka matso. Nan Alhaji ya miƙe da sauri, ya shiga tsakani, ya buɗe hannuwa.

"A'a. Hukuma. Don Allah a ba hukuma su. A bi doka, a yi bincike, a kai kotu. Mutum ba dabba ba ne."

Sarkin tasha ya dube shi, ya dubi Mas'udu da ke zaune da auduga a kunne. Ɗan sandan ya ɗauki igiyar da aka kwance daga hannun Mas'udu ya nufi Anas da ita.

Da za a shiga mota Alhaji ya bi ta gaban Mas'udu. Ya rage tafiya. Bakinsa ya motsa. Ya wuce.

Salisu ya tsaya baya, ya sa ƙafa ya shafe wurin sallar da suka yi yanzu. Sarkin tasha ya tambaye shi dalili.

"Na tsaya gaban Allah ina tunanin diddigen wani," ya ce. "Sai na sake ta."

*

Da safiyar Juma'a tasha ta cika kamar kullum. Masu lodi suna kiran Funtuwa, Zariya, Talatar Mafara. A inda lemar Mas'udu take, sandar kawai ta rage, da teburin da aka karya wa ƙafa. Iya ta tallafe shi da bulo. Mas'udu na zaune a bayansa, babu komai a kai, domin wayoyin mutane da ke caji ranar duk an watse da su.

Direbobi suna wucewa ta gabansa suna duban wani wuri. Wata mata ta zo ta tsaya, ta ce ɗanta ya tashi zuwa Kaduna tun asuba, ko zai duba mata. Mas'udu ya ce ɗan ya goge manhajar. Ta ɗan tsaya, ta tafi.

Salisu yana kan benci yana jiran motar Wonaka ta cika.

Wajen hantsi Alhaji Sahabi ya shigo, shi kaɗai, a ƙasa. Bai yi barci ba, ana gani. Ya zo ya tsaya a hagun Mas'udu, ya sunkuya, ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa. Mas'udu bai juyo ba. Yana kallon teburin.

"Ba shi ji da wanga kunne, Alhaji," in ji Iya. "Likita ya ce ya tahi ke nan. Zagayo."

Alhaji ya zagaya ta dama. Ya sake faɗa, a hankali.

"Ran Talata ba haka muryarka take ba," in ji Iya. Ba da faɗa ta faɗa ba. "Har masu shayi na bakin ƙofa sun ji ka."

Alhaji ya miƙe tsaye. Ya dubi tashar. Masu lodi sun daina kira, wani direba ya kashe injinsa. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya buɗe muryar nan tasa da ta fi jikinsa.

"Jama'a, ku saurara. Ni Sahabi, a nan na tsaya na kira mutumin nan infoma. Ƙarya na yi masa. Ɓarawon a gidana yake. Ni na sa aka doke shi, ni na kashe masa kunne, kuma da yau ta kai la'asar da ni na kashe shi." Ya juyo, ya durƙusa a kan ƙasar tasha mai baƙin mai, daidai kunnen da ke ji. "Mas'udu, na zalunce ka. Don girman Allah ka yafe mini."